Motar Tafi-da-gidanka: Saye Ba Wuya, Riƙo Ne Aiki



Ranar Asabar da ta wuce na kai 'yar ƙwaraɓaɓɓiyar motata wurin bakanikena a wani gareji da ke bayan Agege, domin birkinta ya fara yi mini gardama. Ina zaune a kan benci ina jiran yara su kwance taya, sai idona ya faɗa kan wata ƙatuwar farar mota can a ƙuryar garejin. Tsawonta ya kai na safa, amma tagoginta da labule, ga tsani a bayanta, ga kuma rumfa a naɗe a gefenta. Tayoyinta shida duk sun sace, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinta, har wata kaza ta sami wurin ƙwai a gindin ƙofa.

Na ce wa tsohon, "Baba, wannan fa? Ta asibiti ce ko ta 'yan sinima?"

Ya yi dariya ya ce, "Malam, gida ne sukutum. Taso ka gani."

Da ya buɗe ƙofa, abin da ya fara tarbarmu shi ne warin fumfuna. Ga falo da kujerun kushin, ga kicin da murhun gas da firji, ga makewayi da shaya, can ciki kuma ga gado na mutum biyu. Amma silin ya zazzago ta wajen tagar sama, bango ya kumbura, daɓe kuwa in ka taka sai ka ji ya lotsa kamar katifa.

Tsohon ya ce, "Wani Alhaji ne ya sayo ta daga Amurka, shekara huɗu ke nan. Sau uku ya hau ta. Injinta lafiyarsa lau, in na sa batir yau, in Allah ya so za ta tashi. Gidan da ke kanta ne ya mutu, ni kuwa bakanike ne, ba magini ba."

Wannan magana ta tsohon ita ta sa na koma ofis na shiga bin diddigin wannan irin mota a ƙasashen da a ka ƙirƙiro ta. Abin da na tarar shi ne, ko can ɗin ma kukan da masu ita su ke yi ke nan, kuma da yawansu, bayan sun sha wuya, su kan sayar da babbar su koma ƙarama.

ASALINTA

Motar tafi-da-gidanka aba ce ta Amurka da Turai. A Jamus, kamfanin Westfalia ya fara sa gado da kabad a cikin ƙananan bas na Volkswagen tun 1951. A Amurka kuwa, kamfanin Winnebago, wanda a ka kafa a garin Forest City ta jihar Iowa a 1958, ya fitar da tasa ta farko a 1966, ya karya mata kuɗi ƙwarai, har ta kai ga ma'aikaci mai matsakaicin albashi ya fara mafarkin mallakarta. A yau mafi yawan na Amurka a jihar Indiana a ke ƙera su, musamman a garin Elkhart da kewayensa. Na Turai kuma galibinsu a kan shasin motar Fiat Ducato a ke ɗora su.

Mutanen Amurka sun kasa ta kashi uku. Akwai babba mai siffar safa, wadda tsawonta kan kai ƙafa 45. Akwai matsakaiciya, wadda a ke gina ɗaki a bayan kan motar ɗaukar kaya, har gado ya leƙo ta saman direba. Sa'an nan akwai ƙarama, watau bas ce kawai irin ta ɗaukar kaya a ka gyara cikinta, tsawonta daga ƙafa 17 zuwa 24 ko kusa da haka.

Yawancin masu sayen babbar tsofaffin ma'aikata ne. Mutum ya gama aiki, 'ya'ya sun watse, ga fansho da kuɗin sallama, sai shi da matarsa su ce bari su ga duniya kafin ƙarfi ya ƙare. Wasu har gidansu su ke sayarwa su zuba kuɗin a ciki. Kowane hunturu dubban irinsu kan gudu daga sanyin arewacin Amurka su taru a hamadar jihar Arizona, a wani ɗan gari da a ke kira Quartzsite, sai bazara su watse. A lokacin annobar korona, da a ka rufe otal-otal a ka rage jiragen sama, kasuwar ta buɗe irin buɗewar da ba a taɓa gani ba: a 2021 masana'antun Amurka sun fitar da sama da 600,000, in an haɗa da ɗakunan da a ke ɗaura wa mota a ja. Amma zuwa 2023 adadin ya faɗo kimanin 313,000. Tsakanin waɗannan shekaru biyu mutane da yawa sun gane abin da su ka saya.

GIDA DA MOTA A JIKI ƊAYA

Duk wanda ya mallaki gida ya san hidimarsa, duk wanda ya mallaki mota ya san tata. To, mai wannan mota ya haɗa hidima biyu, ya kuma ƙara ta uku, domin gidan nasa girgizar ƙasa ya ke sha duk sa'ad da a ka tayar da inji. Ka ɗauki ɗakinka, da famfonsa da wayoyin lantarkinsa da kabad-kabad ɗinsa, ka ɗora a bayan roka ka yi tafiyar kilomita 500 da shi, sa'an nan ka duba kusa nawa za ta kwance. Wannan shi ne halin da ta ke ciki kullum. Ga shi kuma don kada ta yi nauyi, da siraran kaya a ke gina ta: falankin katako mai kauri kaɗan, da soso mai tare zafi, da gwangwani ko fayiba a waje, duk an manne su da gam.

Saboda haka mai ita ba bakanike kaɗai ya ke bukata ba. Yana bukatar kafinta, da mai gyaran famfo, da mai gyaran wuta, da mai gyaran gas, da mai gyaran firji. In kuwa ba shi da kuɗin kiransu, tilas shi ya zama dukansu.

RUWA NE BABBAN ABOKIN GABA

Abin da ya kashe motar Alhaji shi ne ke kashe yawancinsu, watau ruwan sama. Rufin wannan mota ba falle ɗaya ba ne kamar na ƙaramar mota. An huda shi wuri-wuri: nan tagar sama, nan na'urar sanyaya ɗaki, nan bututun fitar da wari, nan sandar talabijin. Kowace huda da kowace mahaɗa danƙo a ka shafa a ka toshe ta. Rana tana busar da danƙon, girgizar hanya tana tsaga shi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da ba ta kai kaurin gashi ba ta isa ruwa ya riƙa tsiyaya cikin bango shekara guda ba wanda ya sani. Kafin tabo ya fito a silin, katakon ciki ya riga ya ruɓe, gam ya saki, fatar waje ta rabu da ta ciki ta yi ƙululu. A nan ne gyara kan fi ƙarfin aljihu, domin sai an ɓare bango ɗungurungum.

Maganin abin ba boyayye ba ne ga duk wanda ya tashi a gidan soro. Mun san kafin damina a kan hau rufi a duba, a yi yaɓe, a gyara indararo, ba a jiran sai ruwa ya sauko a kan gado. Haka masu wannan mota su ke yi. Wanda ya san ciwon kansa ya kan hau rufi aƙalla sau biyu a shekara, ya wanke shi, ya bi kowace mahaɗa da ido da yatsa, ya kankare danƙon da ya bushe ya sa sabo irin wanda ya dace da rufin, domin ba kowane danƙo ke kama kowane rufi ba.

A Ingila abin har ya zama ƙa'ida. Ban da gwajin lafiyar mota da hukuma ke bukata, a kan kai ta sau ɗaya a shekara a duba lafiyar gidan. Mai dubawa yana da wata 'yar na'ura da ya ke dafa wa bango ta nuna yawan laimar da ke cikin katako. In ba ta wuce kashi 15 cikin 100 ba, lafiya lau. In ta haura 20, akwai abin bincike. In ta kai 30, ɓarna ta riga ta auku. Kamfanoni da yawa su kan ba da lamunin shekara 6 zuwa 10 cewa ruwa ba zai shiga ba, amma da sharaɗin ba a tsallake wannan dubawa ko sau ɗaya ba. Wanda ya yi ƙyashin kuɗin dubawar shekara ɗaya ya zubar da lamunin gaba ɗaya.

TAYA MAI KYAN GANI

Abu na biyu shi ne taya, kuma wannan ya shafe mu duka, ko mai tasi ko mai babur. Mu nan mun saba duba zanen taya, in bai suɗe ba sai mu ce da sauranta. Ita kuwa wannan mota, da ya ke ta fi zama a kan tafiya, tayarta ba ta suɗewa, tsufa ta ke yi. Akwai wani maiƙo da a ke gaurayawa cikin robar taya wanda ke fitowa waje yana kāre ta duk sa'ad da ta ke juyawa. In ta daɗe a tsaye, rana da iska sai su busar da ita, gefenta ya yi tsaga-tsaga, zanen kuwa yana nan sabo fil. Ranar da a ka ɗora mata tan 10 a ka hau babbar hanya da zafin rana, ranar za ta fashe, kuma in ta gaba ce, sitiyari ba ya jin magana.

Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefe. Ka nemi inda a ka rubuta DOT, ka bi layin har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin ya ba da shawarar cewa in taya ta shekara 5 a riƙa kai ta ga masani kowace shekara, in ta kai 10 a cire ta ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Masu wannan mota da yawa ba su ma bari ta wuce shekara 7. A watan Yunin 2022 kamfanin Goodyear ya yi kiranyen tayoyi kimanin 173,000 na wani samfuri da ya ƙera tsakanin 1996 da 2003, waɗanda a ka sa wa manyan motocin tafi-da-gidanka, bayan hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta matsa masa a kan cewa fatarsu tana iya ɓarewa a kan gudu. Babbar mota taya shida ko takwas gare ta, irin na tirela, kuma tare su ke tsufa, tare a ke sake su.

ZAMA MA CUTA NE

Wani abin mamaki shi ne, ajiye ta ya fi hawanta lahani. Janaretan da ke cikinta, in ya yi watanni ba a tayar ba, fetur ya kan tsufa ya yi danƙo ya toshe kafireto, abin da kowane mai janareta a ƙasar nan ya sani. Don haka masu ƙera shi su ka ce a riƙa tayar da shi kamar awa biyu kowane wata, da kaya a kansa. Batir kashi biyu ne, na inji da na gida, kuma irin na dā mai ruwa in an bar shi ya sauka ƙasa da rabi sau da yawa, kwanansa ya ƙare. Ɓera kuma ya kan sami ɗaki mai ɗumi ba haya, ya bi wayoyi yana gaigaya.

Firjin da ke cikin da yawansu irin firjin kananzir ne da dattawa su ka sani a ƙananan asibitocin karkara, wanda a ke ajiye allurar rigakafi a ciki. Ba shi da inji, wuta ce ke dafa wani ruwan magani ya zagaya cikin bututu ya kawo sanyi. Sharaɗinsa ɗaya ne, ya zauna daidai. In a ka ajiye mota a karkace a ka bar shi a kunne, ruwan ya kan taru wuri ɗaya, tukunyar ta yi zafi fiye da kima, bututu ya toshe, kuma wannan toshewa ba ta buɗuwa. An sha samun gobara ta wannan hanya. Gas ɗin girki kuwa ya fi iska nauyi, in yana yoyo ƙasa ya ke kwanciya, shi ya sa a ke sa na'urar jin warinsa kusa da daɓe. Akwai kuma wata ta biyu mai gargaɗi a kan hayaƙin nan marar wari da ke kashe mutane cikin barci, irin wanda ya sha hallaka iyalai a nan sa'ad da su ka kwana da janareta a cikin gida.

Tanki uku gare ta: na ruwan sha, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Na ukun nan mai mota da kansa zai kai wurin da a ka tanada ya juye ya wanke, ko shi wane ne. In hunturu ya zo, tilas ya tsiyaye duk ruwan da ke cikin bututu, domin ruwa in ya daskare ya kan ƙara girma da kamar kashi 9 cikin 100, ya fasa famfo da tukunyar ruwan zafi cikin dare ɗaya. Manyan kuma suna da ɗakunan da ke turowa waje in an tsaya don falo ya ƙara faɗi. Abin sha'awa ne, sai ranar da ɗaki ya turo ya ƙi komawa, ga shi ba a tuƙi da shi a waje.

In abu ya fi ƙarfin mai ita, ba kowane gareji ke karɓarta ba, sai na manyan motoci mai doguwar ƙofa da babban jak. A shekarun 2021 da 2022, da motoci su ka yi yawa kanikawa su ka yi kaɗan, mutum ya kan jira makonni, wani lokaci watanni, kafin layi ya zo kansa. Wanda ya sayar da gidansa ya koma cikinta, ranar da ta kwana a gareji shi ma ba shi da wurin kwana.

DALILAN SAUKOWA

To, me ke sa a koma ƙarama? Na farko mai. Babbar mai shan fetur ta kan sha kusan lita 30 a kilomita 100, ƙaramar mai shan man gas kuwa ba ta cika wuce lita 11 zuwa 13 ba. Don mai karatu ya gane, tafiya kamar daga Legas zuwa Kano, watau kimanin kilomita 1,000, babbar za ta lashe kusan lita 300, ƙaramar ba za ta kai rabin haka ba. Tun rikicin man fetur na 1973, wanda ya kusa durƙusar da masu ƙera manyan, duk sa'ad da mai ya yi tsada sai kasuwarsu ta faɗi.

Na biyu doka. A Ingila, wanda ya sami lasin tuƙi kafin 1 ga Janairu 1997 yana da izinin tuƙa mota mai nauyi har kilo 7,500. Wanda ya samu bayan nan kuwa iyakarsa kilo 3,500, sai in ya sake wata jarrabawa. Amma shi mai tsohon lasin, ranar da ya cika shekara 70, in yana son riƙe wannan izini sai likita ya gwada shi, ya duba idonsa da sauran lafiyarsa, kuma haka zai riƙa yi duk shekara uku. Mu ɗauka mutum ya bar aiki yana da shekara 65 ya sayi mai kilo 4,500. Shekara biyar kawai gare shi kafin motarsa ta koma hannun likita. Wannan doka kaɗai ta sa tsofaffi masu yawa sun sauko ƙasa da kilo 3,500, ta kuma sa manyan sun yi wuyar sayarwa, tun da matasa ba su da lasin tuƙa su. A birnin Landan kuma, tun watan Agustan 2023, tsohuwar mota mai hayaƙi da ba ta cika sharaɗi ba fam 12.50 ta ke biya kowace rana in ta motsa a cikin birni, manya kuwa abin da su ke biya ya ninka haka sau da yawa.

Na uku hanya. An sayi mota don a ga wurare masu kyau, sai a tarar wuraren masu kyau ba ta shiga. A gandun shaƙatawa na Glacier da ke jihar Montana, shahararriyar hanyar da ta ratsa duwatsu an hana duk motar da ta wuce ƙafa 21 a tsawo ko ƙafa 8 a faɗi bin tsakiyarta. Tsofaffin garuruwan Faransa da Italiya lungunansu ba su fi na cikin birnin Kano faɗi ba. Wasu masaukai masu zaman kansu a Amurka kuma ba su son karɓar motar da ta wuce shekara 10.

Na huɗu, wanda ba a son faɗa, shi ne tsufa. Mutumin da ya hau tsani ya duba rufi yana da shekara 62, ba shi ne zai hau yana da 75 ba. In kuma mijin ne kaɗai ke iya tuƙa ta, ranar da ciwo ya kama shi a nesa da gida matar ta shiga uku. Ƙaramar kuwa kowannensu na iya ja.

YADDA A KE SAUKOWA

Waɗanda su ka yi wannan sauyi su ka ji daɗinsa, da lissafi su ka fara. Su kan zauna su ƙidaya kwana nawa su ka yi a cikin motar bara, su tara abin da su ka kashe na inshora da haraji da kuɗin wurin ajiya da gyara da biyan rance, su raba. Sau da yawa sai a ga kuɗin kwana ɗaya ya fi na babban otal. Sa'an nan su kan sayar tun tana da lafiya, domin mai saye da na'urar auna laima zai zo. Wanda ya jira sai bango ya kumbura, dillali ne zai yanka masa kuɗi yadda ya ga dama. Wanda ya fi shiga wahala shi ne mai rance, domin a Amurka a kan ba da rancen wannan mota har na shekara 20, darajarta kuwa ta fi bashin saurin sauka, sai mutum ya sayar da ita bai gama biyan banki ba.

Bayan haka su kan yi hayar ƙaramar na mako ɗaya ko biyu su gwada kafin su saya. Dalili kuwa, ƙarama ma da nata. Ba lalle ta fi araha ba, a Amurka wata sabuwar ƙaramar ta fi matsakaiciya tsada. Gado sai an shimfiɗa da dare a naɗe da safe, ko kuwa a bar shi a shimfiɗe a rasa wurin zama. Makewayi da shaya wuri ɗaya ne, tankin bayan gida ɗan akwati ne da a ke ɗauka da hannu a juye duk bayan kwana biyu ko uku. In ɗaya na girki, sai ɗaya ya zauna. Miji da matar da ba su saba haƙuri da juna ba, kwana uku na ruwan sama a cikinta ya isa ya tona su.

Sai kuma maganar nauyi. A ce motar da doka ta yanka wa kilo 3,500 ita kanta ta kai 3,050, saura 450 ke nan. Mutum biyu sun cinye 150. Ruwa lita 100 kilo 100 ne. Tukwanen gas, da abinci, da tufafi, da kujeru, da kekuna, kafin ka ankara an haura. Wanda a ka kama ya wuce kima tara ce, in kuma ya yi haɗari inshora na iya juya masa baya. Don haka su kan loda ta tsaf su kai sikelin manyan motoci a auna. Kayan da a ka tara cikin babbar shekara da shekaru, rabinsu sai an rabar. Da yawa sun ce wannan ne ya fi musu ciwo, kuma daga baya ba su nemi ko ɗaya ba.

Abin da a ke samu a madadin haka shi ne kwanciyar rai. Jikin ƙaramar ƙarfe ne da a ka matse a masana'anta, hudojinsa kaɗan ne, saboda haka yoyo ya ragu. Taya huɗu ce irin ta bas. Kowane gareji zai ɗaga ta. Tana shiga kasuwa, tana tsayawa a ƙofar gida ba sai an biya wurin ajiya ba. Da ya ke fita da ita ba ta bukatar shirin kwana biyu, sai a riƙa fita, kuma mun riga mun ga cewa hawa shi ne rabin lafiyarta.

Dattawan Agadas da Damagaram da Kano shaidu ne a kan wannan. A shekarun 1970 da 1980, kafin rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar su tsinke hanyar a farkon shekarun 1990, Turawa 'yan yawon buɗe ido su kan ƙetaro Sahara ta Tamanrasat da Arlit su sauka Kano da gidajensu a mota. Ba da masu siffar safa su ke zuwa ba. Da yawansu ƙananan bas ne na Volkswagen, irin waɗanda a ka fara yin danfo da su a Legas, injinsu a baya, ba lagireto, iska ke sanyaya shi. In ta kafe a yashi mutum huɗu sun tura ta, in ta lalace bakanike a gindin bishiya ya gyara ta.

NAMU RABON

Na san cikin masu karanta wannan fili da wuya a sami goma da za su taɓa sayen irin wannan mota, kuma ba na ba kowa shawarar ya saya. Ta Amurka wutarta ma ba irin tamu ba ce, kayan cikinta na lantarki mai ƙarfin 120 ne, namu kuwa 230, ga shi ba mu da wuraren juye tankinta, ba mu da kayan gyaranta. Amma ciwon da ke cikin labarin namu ne. Nawa ne cikinmu su ka karɓi kuɗin sallama su ka sayi ƙatuwar motar da sai an aika Turai kafin a sami fitilarta? Nawa ne su ka gina gida mai ɗaki goma sha biyu, yau suna zaune a biyu, sauran jemagu sun gaje? A ranar saye kuɗin saye kaɗai mu ke tambaya. Ba mu tambayar wa zai gyara, da me, nawa ne a shekara, kuma shin za mu iya in ƙarfi ya ragu.

Inda tsofaffin can su ka fi mu shi ne, in abu ya fi ƙarfinsu su kan sauko ba tare da jin kunya ba. Mu kuwa tsoron kada a ce wane ya karye ya kan sa mutum ya riƙe abin da ke cin sa har ya ruɓe a hannunsa, alhali da ya sayar tun da wuri da ya tsira da rabin dukiyarsa. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Kafin in bar garejin na tambayi tsohon ko Alhaji bai taɓa samun mai saye ba. Ya ce, "An taya, Malam, tun shekarar farko, taya mai kyau. Ya ce shi ba ya sayar da abin hawansa. Watan jiya ya aiko wai in nemo masa ko nawa ne. Wanda ya zo, inji da giya kaɗai ya ke so."

Na biya kuɗin birkina, na duƙa na duba lambobin da ke gefen tayoyina. Biyu daga ciki na 2014 ne. Mai karatu, kai ma in ka ajiye jaridar nan, je ka duba naka.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.